Gurbin Ido

Kuran ya dawo bayan la'asar,
fanka ta yi tari, ta kama juyi.
Na buɗe na'ura a biron noma na Tawa,
ga jerin ruwan saman Barmu a gabana:
kwana ɗaya, layi ɗaya,
tun shekarar da aka yaye ni.

Sha biyu ga Agustan bara, milimita bakwai.
Sha uku, ashirin da ɗaya.
Sha huɗu,
fili.
Kwana tara a jere, kamar dasashin tsohuwa.

Umarnin da na rubuta ya taho a guje
yana ɗora kwana bisa kwana,
ya iso nan ya ci tuntuɓe,
ya watso mini jan rubutu a fuska:
wannan ba lamba ba ce.
Jimillar shekara duk ta ɓaci,
ɗigon kananzir ya faɗa randa.

Barira ta ɗago daga teburinta:
"Zuba sifiri mu tashi, gobe rahoto zai tafi."
Sifiri shaida ce, Barira.
Ma'anarta mutum ya fito da sassafe,
ya leƙa kwalbar awo, ya gan ta ƙaf,
ya ciro bik ya rubuta.
In na jera sifiri tara a tsakiyar marka,
na ƙago fari da yatsa ɗaya,
wani a Yamai ya karanta
ya ce geron Barmu ya ƙone.

Dabaru kam akwai su, an koya mana.
Ɗauko na jiya ka yi ta maimaitawa:
ashirin da ɗaya sau tara,
na rushe rumbunan da ke tsaye lafiya.
Ko ka ja zare daga wannan gaɓa zuwa waccan,
ruwa ya riƙa sauka daki-daki,
sai ka ce hadarin Adar ya san matakala.
Ko ka aro na Kalfu da Afala ka raba biyu,
alhali ruwa kan jiƙa gonar wa
ya tsallake ta ƙane.
Ko ka goge layukan, ka ɗinke jeri,
sha uku ta rungumi ashirin da uku
kamar ba a taɓa kwana a tsakaninsu ba.

Na ɗauki salula.
Sai a kira na uku Nomau ya amsa,
akuya na kuka a bayansa.
"Baba, kayenka ya yi shiru kwana tara bara."

Shi ma ya yi shiru.
Fanka ta zaga, ta zaga.

"Muna Galmi," ya ce, "asibiti, ni da Tamo.
Ni kaɗai na dawo."
Na yi gaisuwar da ta makara da shekara guda.
Ya ce, "An yi ruwa, ɗana.
Na iske kwalba ta cika ta zubar,
har ɗan kwaɗo a ciki.
Amma wace rana ya sauka, nawa ya sauka,
ban gani ba.
Me zan rubuta?"

Na koma kan allo na gyara umarni:
in ka iso gurbi, kada ka cike, kada ka faɗi.
Tsallake, ka riƙe ƙirga,
a ƙarshe ka faɗi gaskiya:
kwana ashirin da biyu an gani,
tara ba a gani ba.

Barira ta leƙo: "Da giɓi zai tafi?"
Na ce da giɓi.
Gurbin ido ba ido ba ne.

Akwai ɗan akwati na dalili a gefen jeri,
lamba kawai yake karɓa.
Na sa huɗu: mai awo ba ya nan.
Iyakar abin da ya iya ɗauka ke nan.

Gabas ta haɗe, iska ta taso daga tabkin Babaye,
ɗigon farko ya buga kwanon rufi.
Kafin kuran ya sake ɗaukewa
na buɗe layin nan da na'ura ba ta karantawa,
wanda ake barin saƙo ga mai zuwa baya,
na rubuta: Tamo, matar Nomau.
Na adana.